Kanwar Inna: Daga Dogo Tebo Zuwa Bakin Hamada

Saƙo ɗaya Inna ta ba ni da na shiga yi mata sallama a daren da za mu tashi. Ba ta tambayi wanda ya aike ni ba, ba ta tambayi kwana nawa zan yi ba. Murfin wata tsohuwar samira ta ɗaga, ta nuna min 'yar guntuwar kanwar da ta rage, ta ce, "Tunda arewa ka nufa, ka taho min da ta gaske. Wannan ta kasuwa rabinta ƙasa ce, wake sai ya wuni a wuta bai nuna ba."

Na ce, "Inna, aiki fa zan je, ba fatauci ba."

"To aikin zai hana ka ɗaukar ƙulli ɗaya?"

Ban da amsa. Na rubuta "kanwa" a bangon littafina, a ƙarƙashin sunayen garuruwan da zan bi.

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwar Dogo Tebo ta Potiskum. Watan Janairu ne, hazo ya sauko har fitilar mota ba ta wuce tsawon gida biyu. Potiskum ba ta san barcin safe ba. Tun kafin gari ya waye tireloli sun jeru a bakin titi suna ɗumama inji, warin dizal ya gauraye da na kashin shanu daga ɓangaren kara, mai shayi kuma ya riga ya tara mutane sun kewaye tukunyarsa kowa ya dunƙule cikin bargo. Mu uku ne a motar. Akwai direbanmu, dattijon da ya shafe ƙuruciyarsa yana jigilar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu, wanda duk unguwa ke ce wa Kawu ko da babu dangantaka. Akwai ɗan yayata, ɗalibin jami'a da ke hutu, wanda ya maƙale min sai da na yarda ya biyo ni. Sai ni.

Tun ba mu fita gari ba yaron ya miƙo wayarsa gaba. Hoton wani kwazazzabo ne ja wur, mai zurfin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Ya ce Garan Kanyon ke nan, a jihar Arizona ta Amurka, kogin Kolorado ne ya yi ta cin dutse har ya haƙa shi, tsawonsa ya haura kilomita 400, kuma tun 1919 gwamnatinsu ta mayar da shi gandun ƙasa. Mutane kan ɗauki mota su yi mako suna bi daga wannan gandu zuwa wancan. "Kawu, mu ma irin wannan za mu gani?"

Kawu bai ko kalli wayar ba. Ya ce, "Ɗana, inda za mu babu dutse ko na jifan kare. Can ruwa ne ya ci ƙasa, nan ƙasa ce ke cin ruwa."

Inda muka nufa shi ne Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka yanke Yobe daga Borno. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,258 ne, amma ba a haɗe yake wuri guda ba, kashi uku ne a warwatse. Babban, Chingurmi-Duguma, yana Borno kusa da iyakar Kamaru, yana fuskantar gandun Waza, kuma shekarun rashin tsaro sun sa ba wurin da mai yawon buɗe ido zai nufa ba ne. Sauran biyun suna nan cikin Yobe: fadamun Bade da Nguru, da kuma kwaruruwan Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, in ka tsaya a tashar Potiskum ka ce "gandun daji", mutum goma cikin goma Yankari za su ce maka, su ba ka labarin ruwan Wikki da gwaggon birin da ya sace musu burodi. Wanda ke cikin jiharsu kuwa sai ka yi bayani. Ni ma kaina na kai shekara arba'in ban taɓa taka shi ba, don haka ba ni da bakin zargin kowa.

Muka bi hanyar Jakusko. Bayan Nangere gonaki ne an girbe, karan gero da na dawa an jingine su tsibi-tsibi, itatuwan kuka sun kaɗe ganye tas sun tsaya kamar tsofaffin da aka bari gadin gari. Rana ta fito fara fat kamar faranti, ana kallonta ido da ido. Da muka iso yankin da kogin Komadugu Gana ke ratsawa, babu abin da ya nuna kogi sai farin yashi da 'yan kududdufai inda shanu suka yi dandazo. Yaron ya yi dariya ya ce wannan ai ko rariyar unguwarmu ta fi shi ruwa.

Na ce ya rage dariya. A gaɓar wannan kogin, can ta gabas a ƙasar Fune, akwai ƙauyen Dufuna. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da katako a zurfin kusan mita biyar. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale, tsawonsa mita takwas da ɗoriya, an sassaƙa shi da kyau, baki da gindi a tsuke. Awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu wanda ya girme shi a duk jiragen ruwan da aka tono a Afirka, kuma a duniya ma 'yan kaɗan ne suka riga shi. Yanzu yana ajiye a Damaturu. Ba a sassaƙa jirgi mai wannan tsawo don kududdufi. Wanda ya yi shi ya rayu ne a zamanin da Tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa, kogunan nan kuma suna cike shekara a kewaye.

Kawu ya ce, "To ai shi ne. Mai neman ruwa ya haƙo jirgi. Da ya sami ruwan da ya fi masa."

Jakusko muka tsaya muka ci ƙosai, muka ƙara mai. Daga nan ake karkata zuwa Gogaram, tsohuwar cibiyar Bade, inda ake bikin kamun kifi, amma ba lokacinsa ba ne, muka wuce. Shingayen jami'an tsaro kuwa ban ƙirga ba. A ɗaya daga ciki wani ya juya katin aikina gaba da baya, ya leƙa bayan mota ya ga shebur da jarkoki da tabarmi, ya ce, "Ɗan jarida da shebur?" Kawu ya ce masa, "Ranka ya daɗe, Yusufari za mu." Sai ya miƙo katin ya ce Allah ya tsare, bai ƙara tambaya ba.

La'asar sakaliya muka shiga Gashuwa, garin Mai Bade, wanda tun 2013 yake da jami'ar tarayya. Bayan wunin ƙura, ganin ruwa a ƙarƙashin gada sai da ya sa na sauke gilashi. A wannan yankin ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, ya bi ta Gaidam, ya zama iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya ƙarasa Tafkin Chadi in ya sami ƙarfin ƙarasawa. Bakin kogin kore shar da albasa da tattasai, injinan ban-ruwa suna ta tari. A kasuwa bandar kifi ce kwali-kwali. Mai masaukinmu ya kawo mana shinkafar gida da miyar tarwaɗa, ya kuma ajiye ruwan leda yana ba da haƙuri, don a Gashuwa maganar ruwan sha ba ta rabuwa da maganar ciwon ƙoda da ya addabi yankin shekara da shekaru.

Da daddare wani tsohon masunci, maƙwabcin mai masaukin, ya shigo hira. Na tambaye shi yadda kogin yake a da. Ya ce a ƙuruciyarsa in ruwa ya zo, daga bayan gari sai jirgi, kuma da ya janye sai a bi danshinsa a shuka, ba taki ba inji. "Yanzu ruwan yana da masu shi, Malam. Sai sun ga dama su sako." Madatsun ruwa yake nufi: Tiga da aka gama a 1974, da Challawa a 1992, dukansu a ƙasar Kano. Manomin Kadawa da Kura ya sami shinkafa da tumatir na rani, Kano ta sami ruwan famfo, kuma ba wanda zai ce wannan ba alheri ba ne. Amma ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru duk damina ta ragu, ruwan da ake sakowa kuma ya koma ɗan siriri mai gudana rani da damina. Irin wannan ruwan shi kachalla ke so. Ciyawar ta cika magudanai ta toshe su, ta hana jirgi wucewa, ta karkatar da ruwa ya mamaye gonar da ba a so ya bar wadda ake jira, sannan ta zama gidan jan-baki, tsuntsun da kan sauka a gonar shinkafa ya tashi ya bar kara. Tsohon ya ce in aka ambaci tsohuwar maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, har yau gaban mutanen nan faɗuwa yake yi, don wannan reshen ne ya rage yana kawo musu ambaliya yadda Allah ya saukar da ita.

Dagona tana yamma da Gashuwa. Mun isa rana ba ta gama fitowa ba, sanyi yana ratsa riga biyu. Wani ma'aikacin gandu cikin koren kaki ya karɓe mu, ya ce mu bar mota mu taka, mu kuma rage murya. Muka bi ta cikin bagaruwa da goruba, ƙasa ta dare kamar tafin tsohuwa, sai ga tafkin.

Kunne ne ya fara sanin mun iso, kafin ido. Kirinjijiya ce ke ta fito, ɗaruruwa, sun rufe wani ɓangaren ruwan. Dinya tana tafe a gefe da ƙasaitarta. Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya bai damu da kowa ba, belbelu sun yi fari a kan wata busasshiyar bishiya. Ma'aikacin ya miƙo min madubin hangen nesa, wanda aka ɗaure gefensa da roba, ya nuna min wasu ƙananan agwagi masu farin layi a saman ido, da wasu masu dogayen ƙafafu suna caccakar laka. Ya ce waɗannan baƙi ne. Daga Turai da arewacin Asiya suke tasowa in sanyi ya kama can, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka nan su yi watanni, kafin zafi su koma. Bayan sun tsallake hamada, fadamun nan na cikin ruwan farko da suke samu. Shi ya sa Turawa suka san Dagona tun kafin mu na Potiskum mu san ta. Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo nan a 1989, tafkin kuma yana cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta amince da su tun 2008.

Ɗan yayata ya yi shiru a karon farko tun Potiskum. Can ya ce a hankali, "Wato su ba sa neman biza."

Muna tsaye wani yaro ya koro shanu ta ɗaya gaɓar, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi duhu na ɗan lokaci, suka kewaya suka sake sauka. Na kalli ma'aikacin in ga ko zai yi tsawa. Bai yi ba. Ya ce, "Yallaɓai, a rani ruwan nan kowa shi yake kallo: mai shanu, mai koma, mai gona, da tsuntsu. Doka ta ce na tsuntsu ne. Amma kakan yaron can a nan ya shayar." Ya ce aikinsa rabi sintiri ne, rabi zama a zauren mai gari. Na yarda da shi. Gandun da aka shata a kan ruwan da mutane ke sha tun kaka da kakanni ba zai tsaru da bindiga ba, kuma wanda ya zauna a Abuja ya ce a kori kowa bai taɓa ganin saniya a watan Afrilu ba. Sai dai kuma na ga kututturan goruba da aka sare, sababbi, kuma wannan ba ƙishirwa ce ta sa ba.

Muka koma Gashuwa muka ɗauki hanyar Yusufari. Nan ƙasa ta fara sauya fuska da gaske. Kuka ta ƙare. Sai aduwa, da ɗakwara mai ba da ƙaro, da tumfafiya, ita ma tana raguwa. Kalar ƙasa ta tashi daga toka-toka ta koma ruwan zuma. Raƙuma suka maye gurbin jakuna a gefen hanya. A Yusufari Kawu ya ajiye motarmu a gidan wani tsohon abokinsa, ya ce daga nan iliminsa ya ƙare. Muka yi cinikin wata tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, direbanta saurayi ne Bamange, ya naɗe fuska da rawani sai idanu. Kafin mu tashi ya zagaya tayoyin huɗu yana rage musu iska da tsinken ashana har suka yi taushi. Na tambaye shi dalili, ya ce taya mai tauri yanka yashi take yi ta nutse, mai taushi kuwa shimfiɗewa take yi kamar tafin raƙumi.

Babu hanya, sai sawu. Sawun ma wani wuri biyar ne, wani wuri babu ko ɗaya don iska ta share. Yadda yake zaɓa ban gane ba har yau. Wani lokaci sai ya nufi tudu kai tsaye da gudu, injin yana kuka, mu kai ƙoli mu ga babu komai a gabanmu sai sama, sannan hancin motar ya sunkuya mu gangara, hanjina ya taho wuya. Kawu, mutumin da ya sha hawan tudun Lakwaja da shanu talatin a bayansa, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana salati.

A tudu na ban san ko nawa ba muka kafe. Laifina ne. Na ga wani ayarin raƙuma a kan ƙoli na ce ya tsaya in ɗauki hoto, ya ce ba a tsayawa a nan, na nace. Da ya tashi tafiya tayoyin baya suka haƙa wa kansu rami har motar ta zauna da cikinta. Bai ce min uffan ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya sauko ya miƙa min shebur. Awa ɗaya da rabi muna haƙa, muna cusa tabarma da rassan tumfafiya a ƙarƙashin taya, muna turawa, yashi yana feshin fuskarmu. Tabarmar sallar Kawu a nan ta yi shahada. Hoton kuma bai fito ba, hazo ya cinye raƙuman.

Tulo-Tulo muka isa da yamma. Duk wanda ya ga hotunan "hamadar Yobe" a Facebook, galibi nan ne: tuddan rairayi masu kaifin baya kamar an yanka da wuƙa, iska ta zana musu layi-layi, ga goruba a gindinsu. Da kyau, ba ƙarya. Rana tana faɗuwa yashin ya koma ja, ɗan yayata ya cire takalmi ya hau da gudu yana ihu, ya gangaro yana birgima, ya ce wallahi wannan ya fi na Amurka.

Wani dattijo yana zaune a kan buzu a gindin katanga yana kallonsa. Na je na durƙusa na ce, "Wushe, Baba." Ya amsa, ya juya zuwa Hausa don ya ga iyakar Barbarcina ke nan. Na ce yaro ne, bai taɓa gani ba. Ya ce, "Bar shi ya yi wasa. Inda yake birgimar nan, ƙarƙashinsa gidan da aka haife ni ne."

Na ɗauka zolaya ce. Ya tashi ya kai ni bayan gidansa na yanzu. Yashi ya hau katangar gabas har ya kusa kai, ta yi ciki tana shirin faɗuwa. Ya ce duk hunturu da kwano suke kwashewa, shi da jikokinsa, iska ta mayar da dare. Wannan ne gida na biyu da ya gina yana matsawa yamma. Gonar geronsa ta farko tana ƙarƙashin wancan tudu, ya nuna da sanda, rijiyar unguwa kuma ƙarƙashin wancan. Ba da kuka yake faɗa ba, kamar mai lissafin 'yan'uwan da suka yi ƙaura.

Tuddan nan ba jiya suka zo ba. Tsofaffi ne, iskar arewa maso gabas ta tara su tun wani zamanin fari mai nisa, daga baya da ruwa ya wadata ciyawa da itatuwa suka rufe su suka riƙe su wuri guda, har ƙasar Manga ta zama makiyaya mai suna. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe ciyawa, dabbobi suka cinye abin da ya saura, gatari ya bi itatuwa don girki, sai yashin ya sami sakewa ya tashi tafiya. Abin da ake yi na tare shi sananne ne, ana yinsa a nan, ana kuma yinsa a tsallaken iyaka wajen Maine-Sorowa da Gudumariya: a kafa shingen kaba ko kara layi-layi a kan tudun don karya ƙarfin iska, a dasa itatuwa a tsakani. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, Yobe na cikin jihohi goma sha ɗaya na Najeriya da ya shafa. Na ga wani tudu da aka yi wa haka ya kwanta, ciyawa ta fara fitowa. Na ga wani kuma da sandunan shinge kawai suka rage. Dashe kwana ɗaya ne, ana yinsa da kyamara. Shayarwa da korar awaki shekara uku ne, kuma babu mai ɗaukar hotonsa.

Mun kwana a waje bisa tabarmar aro. Hazo ya ɗan yaye da tsakar dare, taurari suka sauko kusa har sai da na ji kamar in sunkuya. Sanyi kuwa bai bar ni na more su ba.

Bulatura ce ta ba yaron kwazazzabonsa, ko da ba irin wanda ya zo nema ba. Wannan sashen gandun shi ne ƙarami, murabba'in kilomita 92. Kana tafe a kan fili fetal, babu inuwa ko ta tsuntsu, sai ƙasa ta buɗe a gabanka: kwari mai zurfi tsakanin tuddai, gangarensa yashi zalla, gindinsa kore har ya yi duhu. Muka bar mota a sama muka sulala da ƙafa, yashi yana bin mu. Kana sauka iska tana sauyawa, ƙura ta ƙare, sai sanyin danshi da ƙanshin laka. Goruba ce ta yi zobe a waje, sai dabino, sai 'yan lambuna na rogo da albasa da tattasai. Wani manomi ya nuna min rijiyarsa: ramin da bai fi tsayin mutum ba, ruwa yana ƙyalli a ciki. Ruwan saman da yashin tuddai ya shanye da damina ne ke tsatsafowa a nan ƙasa.

A tsakiyar kwarin kuma fari ne fat kamar an shanya gari. Kanwa ke nan. Ruwan ƙasa yana ɗauke da gishirinta, in ya taso ya kwanta rana ta ƙafar da shi, sai ta daskare a sama ɓawo-ɓawo. Mata da maza suna ciki, wasu suna kankara da guntun ƙarfe, wasu suna tarawa tsibi-tsibi, ƙafafunsu sun yi fari sun tsattsage don kanwa cin fata take yi. Daga nan ake ɗura ta a buhu, raƙumi ko mota ta kai Yusufari da Gashuwa da Nguru, inda jirgin ƙasa ya fara isowa daga Kano a 1930, daga can ta bazu. Makiyayi ya saya wa shanunsa lasa, mai ɗanwake ta saya, mai kunu ta saya. Na tuna buhunan da nake wucewa kullum a kasuwar Potiskum ban taɓa tambayar daga ina suke ba.

Na nufi wata dattijuwa da ke zaune a gefen tsibinta tana tsince ƙasa. Na gaishe ta, na ce, "Iya, mahaifiyata ce ta aiko ni. Ta ce ta gaske."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ta miya ko ta dabba?"

Na ce ta wake.

Ta ture tsibin gabanta gefe, ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin zaninta, ta kwance. Dunƙule-dunƙule ne masu nauyi, da ɗan ja-ja a jikinsu. Ta ɓantari kaɗan ta ce in ɗora a harshe. Ɗaci da zafi suka tsaya min har maƙogwaro, hawaye ya zo. Ta yi dariya har da tafa cinya. Ta ce wannan daga ƙasa ake haƙo ta, ba ta sama ba ce da iska ke zuba wa yashi. Na tambaye ta ko kwarin yana nan yadda ta san shi. Ta nuna min gefen gabas da haɓa. Can yashi ya gangaro ya shiga cikin goruba, wasu an binne su har wuya, kawunansu kawai ke waje suna kaɗawa. Ta ce da tana amarya, bayan waɗancan itatuwan akwai lambun surukinta.

Ɗan yayata ya ɗaga waya zai ɗauka, sai ya sauke. Ya tambaye ni ko a Chadi ma haka ne, don ya karanta labarin duwatsun Enedi, inda kwazazzabon Arshe yake da ruwa a ƙasansa har da kadoji da suka saura tun zamanin da Sahara ke da koguna. Na ce can dutse ne ya yi wa ruwan katanga. Nan katangar ita ce ke zubowa ciki.

Dawowa ba ta da labari. Mun karɓi motarmu a Yusufari, mun sake kwana a Gashuwa, Kawu ya sayi bandar kifi kwali guda, ya kuma sa na biya shi kuɗin tabarma. Yaron ya yi barci tun daga Jakusko. Magariba ta yi mana a Nangere, muka shiga Potiskum fitilun tireloli suna kashe mana ido. Sati guda bayan haka ina zazzage yashi daga aljihu da kunne da cikin littafi.

Inna tana tsakar gida da na shiga. Na ajiye mata ƙullin a gabanta. Ta kwance, ta ɗauki dunƙule ɗaya ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta kai kusa da fitila, ta ɗan lasa. Ta yamutsa fuska, ta gyaɗa kai.

"Nawa ka saya?"

Na faɗa mata.

"An cuce ka," in ji ta. Ta ƙwala wa jikarta kira ta ce a jiƙa wake.